Fitilar da aka kafa a kwari

Da daminar da ta ɗauke, shekara bakwai ke nan da ruwa ya ci yayana Sale. Kowace shekara nakan yi masa sadakar waina in ja bakina in yi shiru. Bana ba zan yi shiru ba, saboda a makon jiya wani mutum ya zo gidanmu neman yafiya.

Yaya Sale tela ne a garinmu, wani ƙauye a bakin kogi tsakanin Itas da Jama'are. Ɗinkinsa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, kuma in ya ce maka jibi, to ka ba shi wata guda. Amma in gobara ta tashi ko katanga ta faɗa wa wani, kafin ka waiga yana wurin. Shi ya sa da masu aikin agaji suka zo neman 'yan sa-kai, shi ya fara ɗaga hannu. Aka kawo su nan Azare horo, ya sauka a gidana. Ya hana mu sakat. Mijina ya sha ɗaurin karaya a ƙafar da lafiyarta lau, yarana kuwa suka koyi busa usur har maƙwabta suka aiko.

Abin da aka koya musu ba shi da wuya. In ruwa ya taso, ɗan sa-kai ya busa usur, jama'a su bi haske. Hasken kuwa fitila ce mai aiki da rana, doguwa a kan ƙarfe, wadda masu agajin suka ba gari kyauta, suka ce a kafa ta a tudu. Suka danƙa ta a hannun shugaban kwamitin gari suka tafi. Ba zan kama sunansa ba, ya san kansa. Zan kira shi Shugaba, tunda sunan da ya fi so ke nan.

Shugaba ya kafa fitilar a filin makarantar firamare, cikin kwari, a bakin hanya. Dalilinsa shi ne motar manyan baƙi daga Azare ba ta iya hawa tudu, kuma akwai ɗaukar hoto. A garin aka haife shi, ya san filin nan da damina agwagi ke wanka a ciki. Ya ce da baƙi sun tafi za a mayar. Baƙi suka tafi, fitila ta zauna, don a lokacin ta riga ta haska ƙofar shagonsa, majalisarsa ta dare ta cika. Duk sanda aka yi gwajin gudun ruwa, nan ake kai mutane: a busa usur, mata su saɓi goyo, tsofaffi su dogara sanda, a taru ƙarƙashin ƙarfen a tafa. Yaya Sale ya yi magana har ya gaji. Amsar kullum ita ce, “Bari dai a yi salla.”

Ba na garin ranar da abin ya faru. Innarmu da Ladi matar yayana suka ba ni labari. Kogi ya ɓalle tsakanin magariba da lisha, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Yaya Sale ya busa usur yana ihu, “Tudu! Ku hau tudu!” Wa zai ji shi? Tudu duhu ne, kwari haske, kuma can aka saba kai su. Ya ɗaura igiya a tsamiyar da ke gangare ya sauka. Ya yi ta fito da su, wasu a kafaɗa, wasu riƙe da igiyar. Komawarsa ta ƙarshe don Iya Gambo ce, tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ta rungume ƙarfen fitilar ta ƙi saki. Su biyun a fadamar wani gari aka tsince su.

Mutuwa ba ta da ja, na yarda. Abin da ya biyo baya ne ya hana ni barci shekara bakwai. Kafin a yi sadakar uku, Shugaba ya sa aka tone fitilar aka kai ta tudu. Da masu agajin suka dawo jaje, a tudu suka gan ta. Ya ce musu marigayi mutumin kirki ne, sai dai ruɗewa ya yi, ya tara jama'a a kwari. Mazan garin suna zaune, ba wanda ya ɗaga kai, saboda shinkafa da tabarmin agaji ta hannun Shugaba za su bi. Cikin masu sunkuyar da kan nan akwai waɗanda yayana ya goya a bayansa. Ina tuna fuskar kowanne.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya leƙo yau. Zai yi murnar wayar hannu, don yanzu mutanen Jama'are na iya kira su ce ga ruwa nan tafe. Zai yi dariyar 'yan tocilolin China da kowace tsohuwa ke ɗaurewa a bakin zani. Amma me zai ce in ya ji abin da yara ke kiran 'yarsa Safiya a makaranta, 'yar wanda ya kai mutane ruwa? Na san halinsa, wataƙila ma ya yafe. Ni ba shi ba ce.

To, bana Shugaba zai sauke farali. Kamar yadda maniyyata ke yi, yana bi gida-gida neman yafiya. Ya same ni a wurin Inna, ya ajiye goro, ya durƙusa.

“Inna, zama wuri ɗaya sai da saɓani. In akwai abin da na yi muku, na sani ko ban sani ba, a yafe mini.”

Inna ta tsufa, zuciyarta ta yi laushi. Ta ce ta yafe. Ya juyo gare ni. “Malama, ke fa?”

Na ce, “Me zan yafe? Faɗa mini abin da ka yi.”

Ya ce, “Haba Malama, ai ƙaddara ta riga ta wuce.”

Na ce masa ruwan ne ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta haƙa rami ta zuba siminti ba. Na ce ya tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a ya faɗi inda fitilar take a daren nan, da wanda ya kafa ta. Ya ɗauki takalmansa. Juma'a ta zo ta wuce, bai tsaya ba.

Yaya Sale bai bar gida ba, bai bar gona ba. Keken ɗinkinsa ma ruwa ya tafi da shi. Abin da ya bari mutane ne, suna nan suna noma, suna aurar da 'ya'ya, wasu har da jikoki. Sai kuma sunansa, kuma shi ne abin da mutumin nan ya ɗauke.

Shugaba, na ji kana gaya wa mutane babban burinka Allah ya ɗauki ranka a ƙasa mai tsarki. Ni addu'ata daban take. Ina roƙon Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya, ya ba ka tsawon rai, ka yi ta wucewa ta gaban Safiya tana girma tana kallonka. Ban yafe ba.