Motar Roba Mai Hannun Dalma

Shekarun baya masu yawa, tun Funtua tana cikin jihar Kaduna, na yi aiki a siton garejin taraktoci na wani aikin gona na gwamnati. Wasu daga cikinku da suka ga hoton motocin da ke kan kantata sun tambaye ni abin da ya sa jar nan take da hannun ƙarfe a gaba, alhali sauran jikinta roba ne. Zan faɗa muku, amma a jere, daga farko.

Motocin ƙanana ne, tsawon kowace bai wuce kamu ɗaya ba. Ana tuƙa su daga nesa da wani akwati mai eriya kamar ta rediyo, mai 'yan sanduna biyu: ɗaya ta gudu, ɗaya ta juya kai. Don ƙasa da gargada aka yi su, shi ya sa suke da manyan tayoyi da sifirin. Mu motar rediyo muke ce musu.

Ta farko, jar, a hannun wani injiniya Bature na same ta lokacin da zai koma ƙasarsu yana rabuwa da kayansa. Ta biyu wani direbanmu ne ya gano mini ita a cikin kayan gwanjo a Kano, ba ta motsi. Ta uku daga gidan wani likita a Malumfashi ta fito, ba akwatin tuƙi. Na jera su a ɗakina a kan katako, kowace da kwalinta, kowane noti da gwangwaninsa.

Ina da aboki mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Iyayensa Yarbawa ne, amma a Funtua aka haife shi, kuma ya fi ni iya tsiya da Hausa. Shi ya ta da ta biyun. Daga nan muka koma kan jar, domin wanda ya ƙera ta bai san gonakinmu ba. Gonarmu kunya-kunya ce, da ta hau kunya ɗaya sai cikinta ya zauna a kai, tayoyi suna juyawa a iska. Da farko muka naɗa wa tayoyin robar tayar keke don su ƙara tudu. Sannan muka rufe giyar da tsohon tib don yashi ya daina shiga. Bayan haka abokina ya haɗa waya muna cajin batirinta da batirin tarakta. Abu na ƙarshe shi ne sifirin, wanda muka daɗe muna nema mai ƙarfin da ya dace. Abu ɗaya ne ba mu taɓa ba: hannayen roba biyu da ke riƙe tayoyin gaba. Abokina ya sha gaya mini cewa in ɗaya ya karye, sai dai mu bi Baturen ƙasarsu.

A wannan shekarar ce na ga wata yarinya a cikin mawaƙan coci a Malumfashi, 'yar wani manomi daga wajen Gozaki. Muka daidaita. Magana ta kai gida, aka sa lokacin da baffana zai jagoranci manya su je neman aure bayan an gama cirar auduga. Kowa ya san abin da ke biyo baya. Kafin a ba ka 'ya, sai danginta sun turo wani ya binciki halinka, kuma ba za a gaya maka ko waye ba, ko yaushe.

Mahaifiyata ta zo Funtua musamman a kan wannan. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon katakon.

"Waɗannan abubuwan za ka kwashe. Mutanen Gozaki manoma ne. Su ji an ce wanda zai auri 'yarsu yana bin motar wasa a gona da gemunsa? Ka sa su ƙarƙashin gado har a ɗaura."

Na ce, "Inna, ba motar wasa ba ce, inji ne."

"To ka sa injin ƙarƙashin gado."

Na sa. Sun yi makonni a can. Sai ga abokina wata Asabar da sifirin guda huɗu da ya ciro daga wata matacciyar na'urar buga takarda, ya ajiye mini a tafin hannu.

"Mutumina, waɗannan ne. In ba su ba ne, ka daina gaishe ni."

Na ce masa motocin suna hutu sai bayan biki.

"Au, tun ba a kawo ta ba har an fara yi maka kulle?"

Washegari bayan an tashi daga sujada na ɗaura wa jar motar sifirin ɗin. Na gaya wa kaina gwaji ɗaya ne, kuma nesa da gari. Muka hau babur muka tafi wata gona da aka gama girbin masara a hanyar Bakori. Motar ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Tana hawa kunya tana sauka kamar zomo, cikinta bai taɓa ƙasa ba. Abokina yana ihu, ni kuma ina lura da yadda gaban ke lotsawa yana dawowa.

Ban san lokacin da wani dattijo ya zo ya tsaya a gefenmu ba. Riga ce a jikinsa ta zuwa kasuwa, da hula da ta sha wanki, hannunsa irin na wanda ya daɗe da riƙon garma. Ya yi sallama, muka amsa. Ya ce wucewa yake ya hango abu yana gudu ba kowa a ciki.

"Samari, wa ke jan ta?"

Na nuna masa akwatin. Ya yi tambayoyi masu kyau: me take ci, ina take kwana, me take yi wa mutum. Na ce ba ta yin komai, gudu kawai take. Ya gyaɗa kai. Can sai ya ce, "Ko zan taɓa?"

Ba na ba kowa akwatin nan. Abokina ma sai da ya yi wata yana roƙo. Amma dattijo ne, kuma ya tambaya da ladabi. Na miƙa masa, na tsaya a gabansa.

"Baba, abu uku ne. Na farko, sandar hagu ita ce gudu, a hankali ake tura ta. Na biyu, ta dama ita ke juya kai. Na uku, in kana so ta tsaya, ka ɗage yatsanka kawai. Ka gane?"

"Na gane. Ai ba ta kai shanun huɗa wuya ba."

Ya tura sandar har ƙarshe. Motar ta zabura, ta tsallake kunya biyu, ta miƙe tana nufar wani kututturen ɗorawa a bakin gonar. Na ce, "Ɗage yatsa!" Bai ji ni ba. Ya ƙanƙame akwatin ya fizgo shi zuwa ƙirjinsa kamar mai jan igiyar shanu, babban yatsansa yana nan a kan sandar, yana daka mata tsawa.

"Kai! Tsaya! Tsaya mana!"

Ba ta tsaya ba. Ta daki kututturen, muka ji ƙas. Tayar gaba ta hagu ta fita ta gangara cikin kara. Na bi tayar na ɗauko. Da na dawo na durƙusa, sai na ga hannun hagu ya karye, kuma ko gutsurensa ban gani ba. Na tsince noti, na tsince sifirin, na bi ƙasa da yatsa ina tonawa. Hannun dai babu.

Na miƙe. Abokina ya san fuskar nan tawa, ya kama mini riga ta baya. Na cire hannunsa.

"Baba, abu uku na gaya maka. Na ce a hankali, ka tura har ƙarshe. Na ce dama ce juyawa, ba ka taɓa ta ba. Na ce ka ɗage yatsa, ka tsaya kana yi mata tsawa. Tana da kunne ne? Ka ce ka gane alhali ba ka gane ba. In mutum bai gane ba sai ya ce bai gane ba, a sake masa. Da yaro ne ya yi wannan, da na ce ƙuruciya ce. Abin da ka karya babu shi a ƙasar nan."

Ya saurare ni har na kai aya, bai katse ni ba.

"Ka gama?"

"Na gama."

"To ina ake samun motar Malumfashi?"

Rana ta yi zafi, tasha kuma da nisa. Na ba shi ruwan da muka zo da shi ya sha. Na bar abokina da motar, na ɗauki dattijon a babur na kai shi tasha, na tsaya har ya sami wuri a gaba. Da zai shiga ya ce, "Allah ya huci zuciyarka." Na ce amin, amma ban huce ba.

Lahadin da ta biyo na je Malumfashi. Bayan sujada yarinyar ta ja ni gefen bishiyar mangwaro, ba ta ko gaishe ni ba.

"Malam, me ka yi wa kawu?"

"Wane kawu?"

"Yayan mamata. Shi aka tura Funtua. Ya je unguwarku aka ce masa kana da kirki, ba ka sha, ba ka yawo, sai dai kana da wasu motoci. Ya bi ka har gona. Tun da ya dawo bai ce wa kowa komai ba. Mama ta tambaye shi, ya ce shi dai an tambaye shi ko mota tana da kunne."

Na nemi wuri na zauna.

Ta ce, "Wai har ƙuruciya ka ambata?"

Na ce na ambata.

Ta rufe baki da gefen gyalenta. Har yau ban sani ba ko kuka take ɓoyewa ko dariya, ita kuma ta ƙi gaya mini.

Na so in je Gozaki in ba shi haƙuri. Baffana ya hana. Ya ce wanda ake bincika ba ya zuwa gidan mai bincike, zuwan ma wani laifin ne. Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ƙarƙashin gadon ne ya yi musu kaɗan?" Abokina kuwa kullum na wuce shagonsa sai ya ɗaga murya: "Ango, na farko, na biyu, na uku!" Na ci gaba da zuwa aiki, ina jera kayan tarakta, ina jiran a aiko a ce kada manya su wahalar da kansu.

Ba a aiko ba. Ranar da aka sa, baffana da mutanensa suka tafi da goro. Da la'asar ya dawo, ya zauna a tabarma, ya nemi ruwa, ya sha a hankali kamar ba ni a wurin.

"Sun ba mu," in ji shi.

Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ƙullin tsumma.

"Kawun yarinyar ne ya yi magana a madadinsu. Ya ce yaron yana da kaifin baki, kuma za a sha fama da shi a kan wannan. Amma ya ce ka yi fushi iyakar fushinka ba ka zage shi ba, ba ka ƙara masa ko abu ɗaya da bai yi ba, da ka gama kuma ka ba shi ruwa ka kai shi tasha. Ya ce ya ga ƙarshen fushinka, kuma 'yarsu za ta iya zama da shi. Ga wannan, ya ce a ba ka."

Na kwance tsumman. Hannun mota ne guda biyu, na dalma, farare, an goge su sumul. A gefensu ga nawa na roba da ya karye, an haɗa gutsuren biyu da ƙaro. Ashe lokacin da na bi taya cikin kara ya tsince su ya sa a aljihu. Ya kai wa masu zubin tukunya, suka danna shi a ƙasa mai laima suka fitar da siffarsa, suka zuba narkakkiyar dalma. Ya sa an yi biyu don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi.

"Akwai saƙo kuma," in ji baffana. "Ya ce a gaya maka, abin da ka sa na uku shi ne na farko. Ko bijimin huɗa za ka ba mutum, yadda ake tsayar da shi ake fara nuna masa."

Abokina ya huda ramukan noti, muka ɗaura. Motar ta ɗan ƙara nauyi a gaba, amma daga ranar ta daki kututture, ta daki dutse, ba abin da ya same ta. Cikin duk gyaran da muka yi mata, wannan ne ya fi, kuma ba mu muka yi shi ba.

Kawu ya rayu har ya ga 'ya'yanmu. Duk zuwansa gidana sai ya tsaya gaban katakon ya duba hannayen, amma bai sake yarda ya riƙe akwatin ba, ko da na miƙa masa. Yanzu robar jikin motar ta tsufa, ta fara tsagewa, ba na fitar da ita gona. Hannayen nan biyu ne kawai suke yadda aka kawo su.

Kaifin bakin bai tafi ba, matata za ta shaida. Abin da ya canja shi ne jerin. Na koya wa mutane da yawa tuƙin motocin nan, na koya wa 'ya'yana keke da babur, kuma ban sake fara wa kowa da gudu ba. Kafin in miƙa akwati sai na ce: na farko, ga yadda ake tsayawa.