Yadda Muke Kiranta a Gida

Rainon kurma wahala ne, kada wani ya gaya maka wata magana. Ni dai na sha. 'Yata ta biyu da jinta aka haife ta. Sanƙarau ne ya kama ta tana shekara uku, ta tashi daga ciwon babu ji, maganar ma ta bi shi. Sai ka yi ta ƙwala kira har maƙwabta su amsa, ita tana tsakar gida ta ba ka baya tana wasa da ƙasa.

Sai muka samo dabara. In ana son ta juyo, a jefe ta da wani abu. Marfin kwalba, ƙwallon dabino, 'yar tsakuwa, duk abin da hannu ya kai. Uwarta da silifas take yi. Ba da mugunta ba, ba kuma da ƙarfi ba. Haka na taso na ga ana yi wa wani bebe a unguwarmu, Ƙofar Wambai, ban taɓa jin an ce laifi ne ba. A lokacin ma wa ke kai kurma makaranta? Ɗiban ruwa da aike, har ya tsufa.

Ni facin taya nake yi, firamaren ma ban gama ba. Amma da aka ce akwai makarantar kwana ta kurame, na kai ta. Ta yi kuka, uwarta ta yi kuka, na kau da kai na hau keke. Da ta dawo hutun farko hannunta ya buɗe, yatsu sai yawo suke, mu kuwa muna nan da nuninmu na gida: a taɓa baki abinci ne, a nuna ƙofa aike ne. Ta yi ta ƙoƙarin koya mana maganar hannu. Na nuna mata tayoyi na jirana.

Ranar ziyarar da ta wuce, gab da hutun babbar Sallah, na je da kular dambu. Na hango ta gindin dalbejiya cikin ƙawayenta, ta ba ni baya, hira ta yi daɗi. Na gaji, kaya a hannu. Na sunkuya na ɗauki tsakuwa na jefa. Ta same ta a kafaɗa.

Duk hannuwan suka tsaya cak. Ban san kurame ma suna yin shiru ba sai ranar. Ta juyo, ta dubi tsakuwar, ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

Malamarsu, mace ce mai ji, ta taho da sauri.

"Baba, lafiya? Me ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba, Malama. Kiranta na yi."

"Da dutse?"

"Tsakuwa ce."

"Baba, a nan akuya muke jifa in ta shigo lambu. Mutum kuwa zagayowa ake yi gabansa, ko a taɓa kafaɗarsa."

Wani direba da na sani, shi ma ya zo ganin ɗansa, ya ce, "Mai faci, gara da ba ka taho da ƙarfen taya ba." Iyaye suka yi dariya. Na yi yaƙe.

Muka zauna mu uku, don ba na iya magana da 'yar cikina sai da wani a tsakani. Ta jima tana motsa hannu, idonta a kan malamar.

"Ta ce tana roƙon ka bar ta ta yi hutun Sallah a gidan ƙawarta. Iyayen duka kurame ne, uban kuwa tela ne a wajen Shadawanka. Ta ce a can ana hira da ita. A gida takan ga kuna dariya, ba ta san abin da ake wa dariya ba."

Na ce, "Ki gaya mata tana da gidan uba."

Malamar ta gaya mata. Ta amsa a gajarce.

"Ta ce ta sani. Ta ce in ka zo ɗaukarta za ta bi ka."

Da ta yi min gardama da ya fi min sauƙi. Ta karɓi kular da hannu biyu, ta durƙusa kamar yadda uwarta ta koya mata, ta koma cikin ƙawayenta. Ba su ci gaba da hira ba sai da na kai bakin ƙofa.

A gida na ba uwarta labari, na tsallake zancen tsakuwar. Ta ce, "'Ya mace a gidan mutane ranar Sallah? Me za a ce da mu, Malam?" Na ce a faɗi abin da za a faɗa, na gaji.

Washegari ban buɗe wurin faci ba. Na ɗauki atamfar Sallarta da ba a ɗinka ba, na hau keke zuwa Shadawanka, na yi ta tambayar shagon telan nan kurma har aka nuna min. Na miƙa masa atamfar. Ban san yadda zan ce masa na yarda ta zo ba, ban san yadda zan ce ni ne uban ba. Na dai sa hannu daidai ƙirjina na nuna masa tsayinta. Ya dube ni ya ƙara, sannan ya kwashe ƙyallaye daga kan benci, na zauna.