Maganin Idon da Yaya Haliru Ya Rabar

Na sha wuya a kan idon Yaya Haliru, ba zan ɓoye ba. Bana shekara tara ke nan da rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa, amma duk ranar da na bi hanyar Adabka zuwa Gummi sai ƙuguna ya tuna mini. Ni ba ɗan boko ba ne, aji huɗu na yi na bari, kabu-kabu nake yi da babur. In rubutun ya karkace a yi haƙuri, maganar dai a miƙe take.

Yaya Haliru shi ne babba a ɗakinmu, malamin allo kuma manomi. Wata shekara ya fara karo da bakin ƙofa, yana tuntuɓe da buta a gefensa. Na kai shi wani asibiti a birni, suka ce hawan jinin ido ne. Abin da aka gaya mana ke nan. Wanda ya miƙo maganin ko kai bai ɗaga ba: ga kwalba, a ɗiga safe da yamma, in ta ƙare ku sayi wata. Kafin in buɗe baki ya kira na gaba.

Kwalbar ba ta kai babban yatsana ba, amma babu ita a Adabka, babu ita a Bukkuyum. Sai Gummi, in ta yanke a Gummi sai Anka. Da damina na sha tura babur cikin laka har gwiwa saboda ita. Daga baya da hanya ta lalace da masu bindiga, sai na yi sallama da iyali kafin in fita.

An ce wata guda take yi. Ta Yaya kwana goma. Na zaci zubarwa yake yi don ba ya gani sosai. Sai ran nan da hantsi, lokacin sussuka, na shigo zaure na tarar da mutum biyar a kan tabarma, kowa ya ɗaga kai sama kamar kaji na shan ruwa, Yaya na bi yana ɗiga musu. Akwai wanda hakin gero ya faɗa wa, akwai mai afolo, ciwon jan idon nan mai yaɗuwa, akwai wanda ya dawo daga niƙan dutse a Duza da ƙura cike da ido. Ga kuma maƙwabcinmu Baba Ɗan-Ige, wanda idonsa ke ruwa tun ina yaro.

Na ce, "Yaya, mi kake yi haka? Ka san inda nat tafi na samo wagga kwalba?"

Ya ce, "Garba, rage murya, akwai manya. Mutum ya taho ƙofata da ido jawur, magani na aljihuna, in ce mai babu? Inna ta taɓa hana wani gishiri?"

Wanda bai san garinmu ba zai ce wauta ce. Mu a wurinmu magani ba na mutum ɗaya ba ne. Yadda ake zuwa ɗibar wuta gidan maƙwabta, haka ake zuwa neman ƙwayar ciwon kai. In ka dawo daga asibiti da leda, unguwa ce ta samu. Shi kuma Yaya yana da hujjar da ta fi ƙarfina. Cewa yake, "Nasu ka ciwo, nawa lafiya lau." Gaskiya ne, idonsa bai taɓa ja ba, bai taɓa zafi ba. Sai ya ɗiga kwana goma, ya zauna kwana ashirin babu, ya ɓoye mini don kada in hau waccan hanyar.

Cikin shekara uku ya makance. Ya ci gaba da karantarwa da ka. Autarsa Hadiza da hannu ya san fuskarta. Zazzaɓi ne ajalinsa, ba ido ba, amma ni na san tun ranar da ya daina zuwa gona ya fara tafiya.

Abin da ya sa na ɗauki biro ga shi. Da daminar bana, ranar kasuwar Bukkuyum, na kusa shiga ƙarƙashin amalanken shanu da ya fito ta haguna. Fasinjana ya ce, "Kai, duk girman abin ga ba ka gane shi ba?" Wallahi ban gan shi ba. Na tafi asibitin ido, wata likita ta auna ni ta ce ciwon Yaya ne, yana bin jini. Ita ce ta fara zaunar da ni kamar mutum. Ta ce ruwan cikin ido ne ba ya fita yadda ya kamata, sai ya taru yana danne jijiyar gani. Daga gefe yake ci, ba ya ciwo, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Fashin ɗigo na 'yan kwanaki ɓarna ce. Maganin kuma ba ya yi wa mai afolo ko mai haki komai.

Sannan ta ce akwai aikin da ake yi da haske, leza suke ce masa. Ba yanka, ba kwanciya. A ɗiga maka abin kashe zafi, ka ɗora haɓa a kan na'ura, a haska inda ruwan ke fita don ya samu hanya. 'Yan mintuna ka tashi. Ta ce ba kowa yake yi wa ba, ba ya dawo da gani, wani bayan shekaru sai an sake, wani kuma dole ya haɗa da ɗigo. Amma da yawa suna hutawa da kwalba na tsawon lokaci.

Na ce, "Likita, tun yaushe ake wanga aiki?"

Ta ce an daɗe, a manyan birane.

Na ce, "Tun shekara goma sha huɗu baya?"

Ta ce har kafin nan.

Nan zuciyata ta tafasa, har yau kuma ba ta huce ba. Ban ce lallai aikin zai yi wa Yaya ba, Allah ne masani. Amma a ce ba wanda ya ko ambata mana? An ɗauki mutumin da ke tafiyar yini daga kantin magani, an ɗora masa kwalbar da ba a fashi, ba a tambaye shi inda yake zaune ba, ba a gaya masa abin da fashin zai jawo ba. Magana ta minti biyu! Yaya mutum ne mai bin hujja. Da an ce masa maganin ba ya amfanar su Baba Ɗan-Ige da komai, da ya adana abinsa. Sun ga mai rawani da takalmin roba, suka ɗauka ba zai gane ba. Mutumin da ya haddace izu sittin! Ni ma ban kuɓuta ba. Na iya faɗa a zaure, amma ban koma na tsaya a gaban teburin asibiti na ce sai an yi mini bayani ba.

An ba ni ranar aikin bayan girbi. Kafin nan ga ni da irin kwalbarsa a aljihu, kuma idon nan da shi nake ciyar da gida biyu, nawa da na marigayi.

Jumma'ar da ta wuce bayan la'asar, Baba Ɗan-Ige ya yi sallama, ya tsufa ƙwarai, ido na ta ruwa. Ya ce, "Garba, an ce kai ma an ba ka irin na malam. Ɗan ɗiga man."

Na ce, "Baba, ba ni ɗigawa."

Ya tsaya kamar bai ji ba. "Haliru bai taɓa hana ni ba."

Na ce, "Shi ya sa ya tafi bai ga fuskar Hadiza ba."

Ya lalubi sandarsa ya fita. Tun da aka gina gidanmu ba a taɓa mayar da mai neman magani ba sai ni. Na san abin da Yaya zai ce da yana nan. Zai yarda da likita, don ba ya gardama da ilimi. Amma ba zai yarda da bakina ba. Zai ce, to ka hana shi kwalba, sai kuma me? Idon nasa ya daina ruwa? Bai bar gona mai yawa ba, bai bar shanu ba. Abin da ya bari shi ne har yau mai ciwo ƙofarmu yake fara tunawa, kuma ni ba zan zama wanda ya rufe ta ba.

Da safe na ɗiga maganina, na rufe kwalbar tam na mayar aljihu. Na tayar da babur na tsaya a ƙofar Baba Ɗan-Ige, na ce, "Baba, ka yi man haƙurin jiya. Sa hularka ka hau, Bukkuyum za mu, a duba naka idon. Kuma yau ba mu tashi gaban tebur sai sun gaya muna mi ke damunka."