Kifin Gwangwani a Gidan Masunta

Shekarar da na fara aikin akawu a ofishin En'e na Haɗeja, ba abin da ya dame ni kamar yadda Baba bai ɗauki aikin a bakin komai ba. Shi masunci ne a wani ƙauye kusa da Kirikasamma, kan goran kamun kifi ya girma, kuma a ganinsa mutumin da ya wuni a inuwa yana zane takarda bai yi aiki ba. In na je gida da farin wandona, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam akawu, yau me aka kamo?" Na ƙudura sai na kai masa abin da zai sa ya yarda boko bai lalata masa ɗa ba.

Wata rana na ga kukun Di'o ya fito daga kanti da wasu 'yan gwangwanaye masu faɗi. Na tambaye shi, ya ce kifi ne, daga ƙasar Turawa, kuma sai ya shekara bai lalace ba. Na sayi ɗaya na kulle kaina a ɗaki na cinye, har da lashe man da yatsa. Gaskiya karfasar fadamarmu ta fi shi daɗi nesa ba kusa ba, amma a lokacin da wani ya faɗa min haka da mun yi faɗa. Na koma na sayi uku. An ce ƙaramin sani ƙunƙumi ne: ni ɗan masunci, na ɗauki kifi daga birni zan kai bakin ruwa, kuma a daidai lokacin da ruwa ya janye, ko'ina a ƙauyen banda ake yi.

Na isa da la'asar. Inna ta sauke tuwon gero da miyar tarwaɗa. Na ce a dakata, akwai abin da na zo da shi. Na sa ɗan mabuɗin gwangwanin ina murɗawa ina bayani da ƙarfi don maƙwabta su ji, sai mabuɗin ya karye. Baba ya miƙo min wuƙar da yake farke kifi da ita. Na fasa, mai ya fantsamo a gaban rigata.

Na juye 'yan kifayen a faranti, a jere, na tura gabansa. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya. Ya ɗauki na biyu. Sannan ya leƙa cikin gwangwanin.

"Ina kawunan?"

Na ce, "Ai Baba, haka suke zuwa."

"Haka suke zuwa daga ruwa?"

A gidanmu, kan kifi na maigida ne. Ba wanda ke taɓa shi, kuma kifin da ya zo gabanka ba kai, wani ya riga ka sa hannu. Na san wannan tun ina yawo ba wando, amma ban taɓa lura da cewa kifin kanti guntaye ba ne, don ni gwangwanin nake kallo. Na shiga kame-kame, wai inji ne ke yankewa, wai a can zubarwa ake yi. Baba ya ce, "Zubar da kai? Kai dai an faɗa maka." Ya juya wajen Inna, muryarsa a ƙasa, kamar ba na wurin. "Kin gani? Turawa su ci kawunan, su rufe ragowar su ba yaran da ke musu aiki. Shi ya sa ya rame."

Da zagi ya yi da ya fi min sauƙi. Na shirya wa dariyarsa, na shirya wa faɗansa, amma ban shirya wa tausayi ba. Idonsa ya kaɗa, kuma ban taɓa ganin haka ba ko ranar da kwale-kwalensa ya nutse. Kunya ta rufe ni, har na rasa inda zan sa hannuna mai maiƙo.

Ya ture farantin gefe, ya jawo akushin miya. Ya laluba ya fito da kan tarwaɗar, ƙato, yana tururi. Inna ta ce, "Malam, naka ne fa." Bai kula ta ba. Ya aza min shi a kan tuwona.

"Ci," in ji shi. "Wanda ya sha wuya a hannun mutane shi ya fi cancanta."

Na buɗe baki zan ce ba wuyar da nake sha, ɗakina har da gadon ƙarfe. Sai na ga ya tsura min ido yana jira, hannunsa bai koma cikin akushi ba. Na sunkuyar da kai na ci, na tsotse ƙasusuwan tas, shi kuma ya ci tuwonsa da zallar miya.