Maɓallai Bakwai a Bayan Inna

Ni mutum ce mai saurin hawa, wannan ko ɗalibaina sun sani. Amma ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar da za a yi wa Inna aikin ƙashin baya.

Inna mahaifiyata ce, kuma ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallon fuskata ba. In tana son abu a wurina sai ta juya wa bango ta ce, "A gaya wa yarinyar nan," ko da kuwa mu biyu ne a ɗakin. Ciwon bayanta ya daɗe. Tun tana garinmu Aujara take surfe tana dafe ƙugu, har ƙafar hagu ta soma mutuwa, takalmi ya riƙa zame mata ba ta sani ba. Daga asibitin Jahun aka turo mu Dutse, na ajiye ta a gidana a unguwar Takur, daga Dutse kuma aka tura mu wani babban asibiti a Kano. Likitan can ya ce ƙashi ɗaya ne ya goce ya danne jijiya. In ba a ɗaure shi da ƙusoshin ƙarfe ba, nan ba da daɗewa ba tafiya za ta gagare ta.

Wata biyu muka jira kafin layi ya zo kanmu. Ranar tafiya ina fitowa na tarar da Gwaggo a cikin mota, ta riga ta zauna da ƙullin kayanta da butarta. Ƙanwar mahaifina ce, tun rasuwarsa suke zaune gida ɗaya da Inna a Aujara. Ban gayyace ta ba.

"Gwaggo, mutum ɗaya fa ake bari jinya."

"To ke sai ki koma makarantarki," in ji ta. Na haɗiye fushina, na shiga.

Likitan mai haƙuri ne. Ya zaunar da mu ya ce wurin da ƙusa za ta shiga siriri ne ƙwarai, ga lakar ƙashin baya a gefe, in hannu ya kauce ko kaɗan ƙafa ta tafi ke nan. Shi ya sa suke aiki da wata na'ura mai ido biyu da ke tsaye a ɗakin tiyata. Za a ɗauki hoton ƙashin tukuna, a ba na'urar. Yayin aiki ita za ta riƙa bin bayan da kallo, tana nuna masa a fuskar kwamfuta daidai inda bakin ƙarfensa yake a cikin ƙashi, kamar yadda taswirar waya ke nuna wa direba inda yake. Amma sai na'urar ta san wane wuri a hoto ne wane wuri a jiki. Don haka aka manna wa Inna wasu 'yan abubuwa guda bakwai masu gam a baya, kamar maɓallan riga, aka ɗauki hoton da su. Nas ta zagaye kowanne da baƙin alƙalami.

"Hajiya, kada a taɓa su," in ji likita. "Ba wanka, ba shafa mai, ba susa, har gobe da safe. In ɗaya ya motsa, na'urar za ta nuna mini hanyar da ba ita ba."

Da Hausa ya faɗa, Hausa tsantsa. Duk da haka na maimaita musu sau uku, yadda nake maimaita wa 'yan aji ɗaya. Gwaggo ta leƙa bayan ta taɓe baki.

"Duk karatunsu sun kasa jera abu a miƙe. Dubi wannan can, wannan nan, kamar kaji sun yi tono."

"Haka ake so, Gwaggo."

"To."

Wannan "to" ɗin ya kamata ya tsorata ni. Bayan la'asar na fita neman abinci da ruwan zafi, layi ya riƙe ni kusan awa ɗaya. Na dawo na same su shiru, Inna a kwance a gefenta an lulluɓe ta, Gwaggo tana jan carbi. Har na ce a raina yau an samu zaman lafiya.

Da safe, muna jiran a zo ɗaukar ta, na ɗaga rigar asibitin don in ɗaure mata igiyar baya. Innalillahi! Maɓallai bakwai sun jeru tsaf daga sama har ƙasa, layi ɗaya, tazara ɗaya, kamar shukar gero. Zanen alƙalamin ya dushe ya zama dabbare-dabbare a gefe. Na ƙasan ma da filasta aka liƙa shi.

"Gwaggo, wa ya taɓa bayan nan?"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce rubutu ta taho da shi daga wurin malamin unguwarmu, an wanke a gora, an ce a sha rabi a shafa rabi a wurin ciwo. To ta yaya za a shafa a kan roba? Ta ɓamɓare su a hankali, ta shafa, ta bari ya bushe, ta mayar.

"Ko ɗaya bai ɓata ba, ƙirga ki gani. Har gyara musu na yi."

Gyara! Na ce mata zan je in faɗa wa likita, sai ta kama bakin mayafina ta sassauta murya.

"Ke, rufa mana asiri. Wa zai sani? In kika faɗa sai su ce mu koma gida, wata biyun nan ya tashi a banza. Kuma ki sa a kalle ni a ce tsohuwar ƙauye ta yi hauka?"

Abin haushin shi ne na tsaya. Ni da nake koyar da lissafi, na tsaya ina tunani. Na tuna yadda Inna ke jan ƙafa zuwa banɗaki a Takur tana dafa bango, na ce in aka ɗaga aikin nan wa ya san yadda ƙafar za ta kai? Na kuma tuna cewa a gidanmu ba a tona babba a gaban baƙo, ko me ya yi. Na dubi Inna ko za ta ce wani abu. Idonta a rufe, kamar ba bayanta ake magana a kai ba.

Sai ga masu tura gadon marasa lafiya sun shigo, nas na biye da su. Ganin gadon ne ya fasa ni.

"Ku tsaya! An cire maɓallan, an mayar ba daidai ba!"

Da na tsaya nan da sauƙi. Ban tsaya ba. Na juya kan Gwaggo a gaban marasa lafiya da 'yan jinya cike da ɗaki. Na ce mata da Hausa aka yi magana ba da Turanci ba. Na ce mata wa ya gayyace ta ma tun farko? Na ce in Inna ta gurgunce ita za ta goya ta? Na faɗi abin da ya fi wannan, ba zan rubuta ba. Ɗakin ya yi tsit. Gwaggo ta ɗauki butarta ta fita.

Likita ya zo ya duba, ya ce gara da na faɗa. Ya ce suna da hanyar sake gwadawa a ciki, da wataƙila sun gane, amma ba abin da ake bari ga wataƙila ba ne. Aka manna sababbi, aka sake hoto, aka ba wani mara lafiya lokacinmu. Kwana tara muka ƙara kafin a samu gurbi, aka kuma manna maɓallai karo na uku. Wannan karon a bakin gadon na tare, ko alwala sai na roƙi nas ta tsaya. Gwaggo kuwa tun ranar ta hau mota ta koma Aujara.

Aikin ya yi kyau, alhamdulillahi. Ƙusa huɗu, kowacce a inda ya kamata, likita ya nuna mini hoton. Muka dawo Takur, Inna ta fara takawa da sanda daga ɗaki zuwa gindin darbejiya. Ni kuwa duk wanda ya zo dubiya sai na ba shi labarin maɓallai, ina kwaikwayon muryar Gwaggo, ana dariya. Haushin bai sake ni ba, kuma a ganina ni ce mai gaskiya.

Wata rana da hantsi baƙi sun tafi, ina tattara kofuna, Inna ta juya wa bango.

"A gaya wa yarinyar nan ta bar zancen nan haka."

"Inna, ai da ta kashe ki."

"A gaya mata ni na sa. Gwaggonta ta ƙi, ta ce likita ya hana. Ni na roƙe ta har da kuka. Na ce za a kwantar da ni rub da ciki a hannun mutanen da ban sani ba, in ban tashi ba, ina so sunan Allah ya zama a bayana."

Na ajiye kofunan. Na ce to me ya sa ba ta gaya mini tana jin tsoro ba? Me ya sa ta yi shiru ina zazzaga wa Gwaggo rashin mutunci?

"Wa zan gaya wa?" in ji ta, har lokacin bango take kallo. "Yarinyar nan tun da aka fara ciwon nan faɗa take yi."

Washegari na hau motar Jahun, na sauka Aujara. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana ba awaki dusa. Na durƙusa na gaishe ta, na soma jero ban haƙurin da na shirya tun a mota. Ba ta bari na kai rabi ba.

"Tana takawa?"

"Tana takawa, Gwaggo."

"Takalmin ya daina zamewa?"

"Ya daina."

Ta juya ta ci gaba da zuba dusa, ta goge ido da gefen zani. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Har yau in na je gida tana ba ni fura da hannunta, amma in za ta yi mini magana, sai ta dubi bango ta ce a gaya wa yarinyar nan.