Dokar Rabin Yadi

Gwaggo Najaha tela ce a Matameye, kuma duk wanda ya ce maka tana da yafiya, ƙarya yake yi. Ni 'yar ƙanenta ce, a gindin kekenta na girma, na san abin da nake faɗa.

Shekara goma sha biyu da suka wuce tana da rumfa a kasuwa, layin teloli. Wata ranar kasuwa aka kawo ƙarar cewa atamfar wata amarya da aka kai mata ɗinki ta ragu da rabin yadi. Alhaji Alasan, shugaban telolin garin, bai auna ba, bai tambayi mai shagon da aka sayo turmin ba. Ya tsaya a tsakiyar layi ya ɗaga murya ya ce Najaha ta yanke. Daga baya aka gane tun daga shago yadin bai cika ba, amma Alhaji bai taɓa buɗe baki ya wanke ta ba. Mata suka janye kayansu. Ta kwashe kekenta ta koma zaure, tana facin riguna da ɗinke buhunan hatsi.

Bana meri, wato hukumar gari, ta gina wa teloli atiliye, ɗakin ɗinki na haɗin gwiwa, kekuna goma, mata da maza. Aka ce sai an rubuta dokokin zama an manna a bango, kuma da Hausa, don kowa ya ji. Alhaji dai ba ya rubutu sai sa hannu. Gwaggo kuwa ta yi lakol har aji shida. Kwamiti ya miƙa mata takarda da biro, ban ga ranar da ta yi murmushi irin na ranar ba.

Kwana huɗu tana rubutawa tana gogewa. Ta fara sa “ɓarawo”, ta goge, ta ce kalmar ta yi arha. Abin da ya rage layi biyu ne masu nauyi. Na farko: a auna yadi a gaban mai shi kafin almakashi ya taɓa shi, kuma a mayar masa da ƙyallen da ya rage ko da tafin hannu ne. Kowa a garin ya san da ƙyallayen mutane Alhaji yake haɗa matasan kai yana kaiwa kasuwar Dungu. Na biyu: wanda ya zargi ɗan'uwansa da yanke yadi ba tare da awo ba, ya tsaya inda ya yi zargin ya janye da bakinsa.

Sai suna. Sakatare ya so a sa “Ƙa'idojin Zaman Lafiya”. Gwaggo ta ce a'a, ta rubuta da manyan baƙaƙe: Dokar Rabin Yadi. Matan kwamiti suka kalli juna, suka ɗaga hannu gaba ɗaya.

Ana gobe buɗewa, Alhaji ya zo zaure da kansa, karo na farko a shekara goma sha biyu.

“Najaha, don Allah sauya sunan nan. Ai abin ya wuce.”

“Ya wuce maka, Alhaji. Ni a nan zauren na zauna da shi.”

Al'adar teloli ce babba shi ke buɗe taro, shi ke fara faɗin doka sauran su amsa. Sakatare yana karantawa, Alhaji yana maimaitawa a lasifika. Sai aka zo kan sunan. Ya yi tari, ya gyara hula, ya faɗa. Wallahi na ji daɗi har cikin ƙashina, ba na kuma jin kunyar faɗa.

Da aka watse, ya matso kusa da kekenta ya ce a hankali, “Na yi kuskure a kanki.”

Gwaggo ba ta ɗago daga zaren da take sawa a allura ba.

“Ba nan ka faɗa ba, Alhaji. Karanta layi na biyu. Ranar kasuwa, tsakiyar layin teloli, zan jira ka.”