Kawu Sale da Kuɗin Gawo

Duk wanda ya san Kawu Sale na Yasore ya san ba a miƙa masa abu ya karɓa kai tsaye. Ko goro ka ba shi, sai ya jujjuya shi, ya dube ka, ya ce, "Na mene ne?" Ba zan kira shi mai mugun zato ba tunda ya rasu, amma dai shi da mugun zato sun yi maƙwabtaka.

Shekarar da na gama jami'a aka kawo tallafin nan na gwamnati: wanda ya bar itatuwa a gonarsa, ya tare zaizayar ƙasa, za a biya shi. Aka ɗauke ni aikin rubuta sunaye, na ce bari in fara da gida, don in ban yi kuskure ba gonar Kawu Sale ta fi ta kowa gawo.

"Kawu, kuɗi za a ba ka don kada ka sare gawo."

"Na ce zan sare?"

"A'a."

"To wa ya kai ni ƙara?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya ce, "Ɗan boko, duk wanda ya biya ka don ka kula da matarka, sonta yake yi. Yau a auna, gobe ka dangwala yatsa, jibi ka shiga gonar ubanka da sallama."

Ranar awo ina wani ƙauye ma'aikata biyu suka zo daga Batsari. Kawu ya tarbe su da fura, ya shige gaba, suka zagaye gona kaf suna latsa waya. Ashe gonar amininsa Malam Idi ya kai su! Da labari ya riske ni, na garzaya wurinsa.

"Kawu, za ka sa a kore ni!"

"Ƙarya na yi? Gona suka ce in nuna, na nuna. Suka tambayi mai ita, na ce Idi. Sabon magani ai ga maƙwabci ake fara gwada shi."

Malam Idi ya dangwala, kuɗi suka fito, ya sayi taki har da tunkiya. Daga nan duk Juma'a sai Kawu ya tare shi a bakin masallaci.

"Idi, sun zo karɓar gonar?"

"Haba Sale! Ba mai zuwa sai kai!"

"Haka suke. Mai kiwon rago ba ya yanka shi ranar da ya saya."

Da ciwo ya kwantar da shi a gidan 'yarsa a Safana na je gaishe shi. Muryarsa ta yi ƙasa, amma ya jawo hannuna.

"Ka karanta takardar nan tasu?"

"Sau uku, Kawu. Ni dai ban ga tarko ba."

"In ana ganin tarko, wa zai kama?"

Ba a taɓa auna gonar Kawu ba sai bayan rasuwarsa, ranar rabon gado, da igiya, gaban liman, ta tafi hannun 'ya'yansa ko taku ɗaya bai ragu ba. Bana an sake buɗe rajista, suka zo neman shawarata tunda ni na yi karatu. Na ce a ganina babu matsala, wataƙila, amma su bari in ƙara karantawa.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa shi inda babu sauran abin tsoro. Amin.